Dattawan Aro

Duk faɗin bakin tafkin nan, wuri ɗaya tak waya take samun sabis, wani ƙaton dutse ne a bayan makewayi, shi ma sai mutum ya hau kansa ya yi ta ɗaga hannu. Can Begayim take tsaye da hantsi, iska tana neman raba ta da ɗankwalinta, lokacin da mijinta Esen ya ce mata Kawu Toktomat, ƙanen mahaifiyarsa, ya rasu da asuba.

"Inna lillahi," ta ce, ta zauna a kan dutsen. Nan take muryarsa ta yanke. Dole ta sake miƙewa tsaye.

"Kina ji na? Ki saurara da kyau," in ji Esen. "Kada Apa ta ji daga bakinki. Kin san hawan jininta, kin kuma san yadda ake yi. Ki ce mata jikin Kawu ya yi tsanani, ana nemanta. Dattawa za su tare ku a bakin gari su faɗa mata."

"To kai ba za ka zo ba?"

"In zo da me? Motata ba ta hawa wannan hanyar, kuma ni ne a kan haƙan kabari. Liman ya ce saboda zafi, gobe da sassafe za a yi masa sutura. In ba ta iso yau ba, ba za ta ga fuskarsa ba. Yau ba ranar motar Kubat ba ce?"

Ranarta ce. Sau biyu a mako Kubat yake hawowa da tsohuwar akori-kurarsa, ya kawo gari da tukwanen gas, ya kwashi nono. Ƙarfe huɗu na yamma yake juyawa, ko minti ba ya ƙarawa, don ba ya yarda duhu ya same shi a kan tsauni. Tafiyar awa biyar ce zuwa garinsu Kizil-Bulak. Wanda ya rasa shi yau, sai Juma'a.

Begayim ta sauko daga dutsen da hannu da ƙafa. A ƙasa komai yana nan yadda ta bar shi. Tantunan mutanen birni ja da shuɗi sun baje a gindin dogayen itatuwan karagay, wani yana hura kwalekwalen roba da baki, wasu 'yan mata suna tsoma ƙafa a ruwa suna ihun sanyi. Can gefe kuma bozuy uku na Baba Sagin mai goɗiyoyi, irin zagayayyun ɗakunan nan namu na gashin tumaki. A ɗaya daga ciki ita da uwar mijinta, Apa Burul, suka sauka kwana biyar da suka wuce.

Nonon goɗiya ne ya kawo su. Apa Burul, mai shekara saba'in da huɗu, ta daɗe tana cewa ƙwayoyin likita sun ishe ta, maganinta yana kan dutse: sabuwar tatsa da ɗuminta, sau biyar a rana, kwana goma cur ba tsallake. A kan waɗannan duwatsun aka haife ta, nan ta yi kiwo ita da ƙanenta Toktomat kafin aure ya saukar da ita ƙasa, kuma rabonta da wurin shekara goma sha ɗaya. Tun da suka iso take ci kamar gara, tana yi wa kowa faɗa, abin da ke nuna lafiya ta samu.

A wurinmu labarin mutuwa ba abin da ake jefa wa mutum ba ne. Maza ne dattawa, uku ko fiye, za su ɗora fararen hulunansu na kalfak, su zo a jere, su zauna, su yi ta kewaye-kewaye har zuciyar mutum ta riga kunnensa ji, sannan babbansu ya faɗa. Matar ɗa kuwa, wadda muke kira kelin, ko sunan dangin miji ba ta kamawa, balle ta sanar da mutuwarsu. In ta kuskura, wallahi har jikokinta sai an goranta musu cewa kakarsu baƙin baki gare ta. Ni dai ban ce al'adar ba ta da kyau ba. Amma waɗanda suka kafa ta ba su taɓa tsayawa a kan dutsen bayan makewayi da waya a hannu ba.

Ta tarar da tsohuwar a ƙofar bozuy, zaune a kan shimfiɗa, ta miƙe ƙafa tana shan hantsi.

"Kin daɗe. Me Esen ya ce? Ya ba kajina ruwa?"

"Ya ba su, Apa." Begayim ta durƙusa ta jawo butar shayi, don ta samu abin da za ta kalla. "Ya ce wai jikin Kawu ne ya ɗan motsa. Ya yi tsanani ma. Suna so ki sauko yau."

Apa Burul ta dube ta. Sai ta tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Toktomat? Kuma dai? Kai, wannan yaro bai da kunya!"

Yaron nan fa shekararsa saba'in da ɗaya.

"Ke lokacin kina gidanku wajen haihuwa, ba ki gani ba," ta ci gaba. "Shekara uku ke nan, tsakiyar hunturu, aka aiko mini wai Toktomat yana shure-shuren mutuwa. Na fita cikin ƙanƙara har gwiwa, takalmi ɗaya nawa ɗaya na Esen, ina tafe ina kuka. Na shiga na same shi ya naɗe hannun riga yana danna shinkafa da naman rago! Wai fushi nake da matarsa, ya san in ba haka ya yi ba ba zan zo kaciyar jikansa ba. Tsohon maƙaryaci. Yanzu ya ji na zo tafkinmu ban taho da shi ba, baƙin ciki ya hana shi sakat."

"Apa, wannan karon kamar da gaske ne."

"Ko wancan karon ai kamar da gaske ne. Zuba mini shayi. In ya mutu ya aiko mini da takarda."

Begayim ta zuba, rabi a kofi rabi a kan shimfiɗa.

Daga nan zama ya gagare ta. Ta kwashi kofunan da ta riga ta wanke ta kai bakin ruwa ta sake wanke su. Ta dawo ta ninke barguna, ta warware, ta sake ninkewa. Ta faki idon tsohuwar ta tura kayansu cikin jaka, ta cusa jakar a bayan tarin katifu. Kowane minti biyar sai ta duba agogon waya. Mutanen tantin kusa suka kunna kiɗa, ƙaurin gashin nama ya cika wurin, wata mata mai ƙatuwar hular rana ta tare ta tana roƙon ta ɗauke su hoto. Ta ɗauka. Hoto huɗu, duka ba kai.

Wajen sha ɗaya matar Baba Sagin ta kawo tatsa ta biyu. Apa Burul ta shanye, ta goge baki, ta ce gwiwarta ta hagu ta daina ƙara.

"Apa, na ji ana cewa ruwan sama mai ƙarfi yana tafe," in ji Begayim. "In hanya ta yanke, sai mu yi mako biyu a nan."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi sama. Ko ɗigon gajimare babu.

"Ni za ki koya wa sararin nan? Tun uwarki ba ta yi haƙori ba nake karanta shi. In ma ta yanke, madalla."

"Ni ce ma ba na jin daɗi. Cikina yana murɗawa."

"Nonon ne yake wanke ki. Kwana uku ki ga yadda fuskarki za ta yi."

Ta sake hawa dutsen. Sau uku tana kira kafin Esen ya ɗauka, kuma a bayan muryarsa tana jin mata suna kukan mutuwa, irin mai waƙe da ake jan sa.

"Ta ƙi. Ta ce ƙarya yake yi."

"To ki yi dabara mana! Ke ba mace ba ce?"

"Na yi dabarar. Ka bar ni in faɗa mata kawai."

"Ki faɗa mata a kan dutse, ba likita ba kowa? In ta yanke jiki ta faɗi fa? Kuma me zan ce wa mutane, matata ce ta sanar da mutuwar kawuna? Begayim, don Allah kar ki ƙara mini. Ga mutane suna jira na."

Ya kashe. Ta tsaya tana kallon wayar, ranta ya ɓaci ƙwarai. Haushin Esen take ji, da haushin tsohuwar, har da na mamacin da ya ɓarnatar da ƙaryarsa a kan kaciya. Sai kuma ta tuna shi ne mutumin da duk zuwansa gidansu sai ya zaro gyaɗa daga aljihu ya ba ta a ɓoye, yana cewa kada yayarsa ta gani ta ƙwace. Kuka ya taso mata. Ta danne shi da ƙyar, don jan ido ma labari ne.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka ji gurnanin motar Kubat tana hawowa tsakanin itatuwa. Begayim ta riga kowa isa.

"Yaya Kubat, mutum biyu za ka saukar yau."

"Ƙarfe huɗu, ƙanwata. In kun zo kun zo."

Ta koma ta dafa taliya da nama, ta ajiye gaban tsohuwar, ita kuwa ko loma ta kasa kaiwa baki. Apa Burul tana ci tana ba da labarin ƙanen nata, don abin ya motsa mata shi. Yadda yana ɗan shekara tara ya bar tumaki suka watse a can gangaren, ya ce kerkeci ne, alhali barci ya yi. Yadda ya faɗa tafkin nan garin nuna wa 'yan mata iyo, ita ta jawo shi da gashin kai.

"Tun yana ƙarami bakinsa bai san gaskiya ba. Rago ne kuma, ga ci. Allah dai ya haɗa ni da shi. Bari in koma, sai na ja masa kunnen nan a gaban surukansa."

"Apa, don girman Allah mu bi motar nan," Begayim ta ce. "In muka tarar lafiyarsa ƙalau, ni da kaina zan dawo da ke ranar Juma'a."

"In karya magani a kwana na biyar, a koma farko? Ke, kelin, yau me ya shiga kanki ne? Tun safe kike zarya kamar kazar da za ta yi ƙwai." Ta ture kwanon gefe. "Bari in kwantar miki da hankali, tun da ke yarinya ce. Da wani abu ne ya samu Toktomat, ba a waya za a gaya wa matar ɗana ba. Danginmu ba su lalace haka ba. Dattawa za ki gani sun hawo da hulunansu. Kin ga dattawa?"

"A'a, Apa."

"To shi ke nan. Ɗauke kwanon nan."

Begayim ta ɗauki kwanon ta zagaya bayan bozuy. Ta tsaya. Ƙarfe biyu da kwata. Sai ta dire kwanon a kan ciyawa ta nufi turken goɗiyoyi, tafiya ba tafiya ba, gudu ba gudu ba.

Baba Sagin yana riƙe da ɗan dukushi a gefen uwarsa, matarsa tana tatsa. Ta gaishe shi, ta zayyana masa komai a tsaye. Tsohon ya shafa fuska ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya girgiza kai.

"'Yata, ni ban san mutumin ba. Wannan aikin dangi ne da mutanen gari. Kuma mutum ɗaya ba ya zuwa."

"In na samo biyu fa?"

"A ina? Cikin waɗannan masu gajeren wandon?"

"Tashi ka je, malam," in ji matarsa, ba ta ko ɗago daga bokiti ba. "Kullum kana cika baki kai ne babban wurin nan. Ga ranar girman ta zo."

Na biyu a bakin ruwa ta same shi, wani mai furfura da ya kwana uku yana jefa ƙugiya bai kama ko kwaɗo ba. Sunansa Orozbek, tsohon malamin makaranta ne daga birnin Osh. Ya saurare ta har ƙarshe, ya dubi ƙafafunsa, gajeren wando mai zanen kifi da silifas.

"Haka zan je in sanar da mutuwa?"

"Baba Sagin zai ara maka wando."

Na uku Kubat ne, don ba wani. Yana ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu da waya.

"Ni? Shekarata hamsin da biyu fa! Wane irin dattijo?"

"Gemunka ya yi fari a gefe. Yaya, in ba ka zo ba, ba ka da fasinja, ita kuma ba za ta ga ƙanenta ba har abada."

Ya fito yana ƙunƙuni yana goge baƙin mai a cinya.

A bayan turke suka shirya. Kalfak biyu Baba Sagin yake da su. Na ukun irin wanda matarsa take ara wa baƙi su ɗauki hoto ne, ya yi wa Kubat yawa har yana taɓa kunne. Wandon aro ya tsaya wa Malam Orozbek a ƙwauri. Suka tambayi sunan mamacin, Begayim ta buɗe waya ta nuna musu a rubuce. Suka tambayi shekarunsa, da sana'arsa, da yawan 'ya'yansa, malamin yana ta maimaitawa a hankali kamar mai shirin jarrabawa. Ita kuwa ta zaro ƙwayar hawan jini ta ƙulle a tafin hannu, ta riga su komawa. Ƙarfe uku da minti goma.

Apa Burul tana zaune inda take, da kofin tatsa ta huɗu a hannu. Ta kai shi baki ke nan ta hango su sun fito daga cikin itatuwa, su uku a jere, fararen huluna, hannuwa a haɗe a gaba, ba mai magana. Mutanen tantin kusa ma da suka gan su sai suka kashe kiɗa, don ko ɗan birni ya san wannan tafiyar.

Ta sauke kofin a hankali ta ajiye a kan ciyawa. Ta janye ƙafafunta ta rufe su da riga. Ta gyara ɗankwali.

Suka yi sallama suka zauna. Baba Sagin ya yi gyaran murya, ya fara da cewa duniya masauki ce, kowa da ranar tashinsa, annabawa ma sun tafi. Ya yi kyau, wallahi, ba wanda zai ce bai iya ba. Yana shirin shiga zancen haƙuri ta ɗaga masa hannu.

"Dakata, Sagin. Kai mai goɗiya ne. Wannan mai kamun kifi ne. Wancan direba ne da hular hoto. Cikinku wa ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi?"

Kubat ya sunkuyar da kai, hular ta zamo masa kan ido.

"Allah ya saka muku, kun yi abin da ya kamata. Kelin, zo nan."

Begayim ta matso ta durƙusa a gabanta.

"Ke ya sani. Ke za ki faɗa mini. Toktomat ne?"

"Shi ne, Apa. Allah ya yi masa rasuwa."

"Yaushe?"

"Da asuba."

"Ke yaushe kika ji?"

"Da hantsi."

Tsohuwar ta juya ta dubi ruwa. Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Begayim ta miƙa mata ƙwayar, ta karɓa ta haɗiye ba ruwa.

"Da hantsi," ta ce. "Yana kwance an rufe masa fuska, ni ina nan ina cin taliya ina ce masa maƙaryaci. Kina tsaye kina zuba mini shayi."

"An hana ni, Apa." Kukan da ta yini tana dannewa ya ƙwace mata. "Wallahi na so in faɗa. An hana ni."

"Na sani. Ni ma da haka zan yi."

Ta dafa kafaɗar Begayim ta miƙe. Ta juya ta fuskanci gangaren da ke bayan tafkin, ta kama ƙugu da hannu biyu yadda matanmu suke yi, ta saki kukan ƙanenta da murya mai ƙarfin da ba wanda ya zaci tana da ita. Tana kiran sa ɗan raƙumina, tana kiran sa autan uwata. Dattawan aro suka shafa fatiha. Matar Baba Sagin ta taho da gudu ta riƙe ta. Mai ƙatuwar hular rana ta cire hular tana share hawaye, ita da ba ta san kowa ba.

Huɗu saura minti biyar Kubat ya ta da mota. Begayim ta jawo jakar daga bayan katifu, aka tallabi tsohuwar aka ɗora ta a gaba, ita ta matsa kusa da ƙofa. Malam Orozbek yana tsaye da wandon aro yana ɗaga musu hannu.

Sun shiga cikin itatuwa, tafkin ya ɓace a baya, sannan Apa Burul ta yi magana, idonta a kan hanya.

"In an tambaye ki a gari, dattawa uku ne suka faɗa mini. Ba bakinki a ciki. Kai ma ka ji, direba."

"Na ji, Apa," in ji Kubat.

"Abin da na faɗa a kansa yau kuma, ke kaɗai ce a wurin."

"Ni ban ji komai ba, Apa."

"Kin ji," in ji tsohuwar. "Ni ma na ji."

Kubat ya sauya giya, motar ta fara gangara.